Annabcin Ishaya kan zaman lafiyar duniya da yadda ake fahimtarsa a ƙasar Hausa

A ranar Lahadi 30 ga watan Nuwamban 2025, majami'un Katolika a sassan duniya, ciki har da na Malumfashi da Funtuwa da birnin Katsina, sun buɗe sabuwar shekarar ibadarsu da karanta farkon sura ta 2 ta littafin Annabi Ishaya. Ayoyi biyar ne kacal, kuma sau ɗaya a shekara uku suke faɗowa a wannan Lahadin, amma suna cikin sassan Littafi Mai Tsarki da shugabannin siyasa suka fi ambata a duk lokacin da aka zauna teburin sulhu.

Abin da ayoyin suka ƙunsa a taƙaice shi ne, a ƙarshen zamani dutsen da ɗakin ibadar Allah yake a kansa zai ɗaukaka a kan sauran duwatsu, al'ummai kuma za su riƙa kiran juna su nufi wurin domin neman koyarwa. Allah zai yi hukunci a tsakaninsu, ya raba gardamar da ke haɗa su faɗa. Bayan haka ne za su kai makamansu maƙera, takobi ya koma bakin garma, mashi ya koma wuƙar datse rassan itace, a kuma daina koyon yaƙi baki ɗaya.

Zamanin da aka yi maganar

Ishaya ya rayu ne a Urushalima, wato birnin Ƙudus, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin sarakunan Yahuza huɗu: Uzziya da Yotam da Ahaz da Hezekiya. Lokaci ne na tsananin fargaba. Daular Assuriya, wadda cibiyarta take a arewacin Irakin yau, tana cinye ƙananan ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. A wajen shekara ta 722 kafin haihuwar Annabi Isa ta ci Samariya, ta kwashe mutanenta, sannan a shekara ta 701 sarki Sennakerib ya kai rundunarsa har ƙofar Urushalima.

Ke nan mutanen da aka fara yi wa wannan albishir ba masu ƙarfi ba ne, ƙaramar ƙasa ce da manyan dauloli suka sa a tsakiya. Shi kansa dutsen da ake magana a kai tudu ne matsakaici, domin Dutsen Zaitun da ke gabas da shi ma ya fi shi tsawo. A wannan wuri ne Masallacin Ƙudus yake a yau, kuma har yanzu yana cikin wuraren da aka fi taƙaddama a kansu a duniya.

Kusan kalmomi iri ɗaya sun sake fitowa a sura ta 4 ta littafin Mika, wanda ya yi zamani da Ishaya. Masana sun daɗe suna muhawara kan wanda ya ɗauko daga wani, ko kuwa dukkansu sun ɗauko ne daga wata tsohuwar waƙar ibada, yayin da wasu ke ganin an shigar da ayoyin daga baya. Mika, wanda mutumin karkara ne, ya ƙara da wani hoto da manomi zai fi ganewa: kowa zaune a inuwar itacen gonarsa, babu mai razana shi. Littafin Yowel kuwa ya juya maganar, inda a sura ta 3 aka yi kiran a mayar da kayan noma makamai.

Kalmar da aka yi amfani da ita a Ibrananci wajen abin da al'ummai za su je nema ita ce "tora", tushen kalmar Attaura, kuma ma'anarta ta asali koyarwa ce. Babu inda ayoyin suka ce za a kai al'umman da ƙarfin soja ko a ɗora musu haraji. Da ƙafarsu za su je.

Ya cika ko bai cika ba?

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Malaman Yahudawa suna ganin annabcin yana jiran zuwan Almasihu, wanda a aƙidarsu bai zo ba tukuna. A wata muhawara da aka yi a gaban sarki a birnin Barcelona a shekarar 1263, malamin nan Nahmanides ya kafa hujja da cewa duniya cike take da yaƙi, don haka ba a iya cewa zamanin ya zo.

Kiristocin farko, kamar Justin Martyr na ƙarni na 2, sun ce annabcin ya fara cika tun lokacin da almajiran Annabi Isa suka fita daga Urushalima da wa'azi, har mutanen da a da suke kashe juna suka daina. Wasu majami'u na yau suna ɗaukarsa a matsayin abin da zai cika bayan dawowar Almasihu, yayin da ƙungiyoyi irin su Shaidun Jehobah ke kafa hujja da shi wajen ƙin shiga aikin soja.

Alƙur'ani bai ambaci sunan Ishaya ba, amma malaman tarihi irin su Ɗabari da Ibn Kasir sun kawo labarinsa da sunan Sha'aya, cikin annabawan Bani Isra'ila. Haka kuma akwai hadisan da ke nuna cewa bayan saukowar Annabi Isa za a samu zamani na adalci da aminci da yalwar arziki. Saboda haka maganar ba baƙuwa ba ce a kunnen Musulmin ƙasar Hausa, ko da yake hanyar da kowane ɓangare ke bi wajen bayaninta daban ce.

Yadda ayoyin suka iso Katsina

Tun a ƙarni na 19 wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya kuma samu taimakon Dorugu, yaron nan da matafiyi Heinrich Barth ya kai Turai. Cikakkiyar fassarar kuwa sai a 1932 ta fito, kuma Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ne ya yi kaso mafi tsoka na aikin.

A lardin Katsina, mishan ɗin SIM ne ya gudanar da asibitin kutare a Babbar Ruga tun daga shekarun 1930, ya kuma kafa tashoshi a wurare irin su Malumfashi da Matazu, maƙwabciyar Kankiya. Yawancin waɗanda suka karɓi Kiristanci a yankin Maguzawa ne, kuma daga aikin wannan mishan ne majami'ar ECWA ta samo asali. A 2023 fadar Vatican ta kafa dayosis ɗin Katsina, ta naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, a matsayin bishop na farko. A irin waɗannan majami'u da Hausa ake karanta Ishaya, a gaban mutanen da garma da lauje ne abincinsu.

A ƙauyuka irin su Boko ta ƙaramar hukumar Kusada, da sauran garuruwan ƙasar Kankiya, inda akasarin jama'a Musulmi ne manoman gero da dawa da wake, babu wanda ke buƙatar a yi masa bayanin aikin maƙeri. Abin lura shi ne, a shekarun da 'yan bindiga suka addabi jihar, hoton Yowel ne ya fi kama da abin da ke faruwa a ƙasa: manoma da yawa sun shiga aikin sa-kai da bindigogin gargajiya, sannan a watan Oktoban 2023 gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar.

Daga mimbari zuwa teburin sulhu

An rubuta ayar takubba da garma a jikin wani bango da ke fuskantar hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York. A harabar majalisar kuma akwai mutum-mutumin wani ƙato yana lanƙwasa takobi da guduma, kyautar da Tarayyar Sobiyat ta bayar a 1959, duk da cewa gwamnati ce da ba ta yarda da addini ba. Lokacin da Masar da Isra'ila suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a Washington a watan Maris na 1979, Anwar Sadat da Menachem Begin da Jimmy Carter duk sun ambaci wannan annabci.

A Afirka, Mozambik ce ta ɗauki maganar a zahirinta. Bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1992, majalisar majami'un ƙasar, bisa jagorancin Bishop Dinis Sengulane, ta fara wani shiri a 1995 inda mutum zai miƙa bindiga a ba shi fartanya ko keken ɗinki ko keken hawa ko kayan gini. Ana yanka bindigogin nan take, wasu kuma masu fasaha suka ƙera kujeru da siffofi da su. To sai dai shirin ya biyo bayan yarjejeniyar da ɓangarorin biyu suka riga suka amince da ita ne.

Wannan jeri yana da muhimmanci, domin a cikin ayoyin ma hukunci da raba gardama ne suka zo kafin ajiye makamai. A Katsina an sha gwada farawa daga ƙarshe. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi wa 'yan bindiga afuwa, aka karɓi makamai a Ƙanƙara a farkon 2017, aka sake zaman sulhu a 2019. A 2020 gwamnan da kansa ya ce an ci amanarsa, kuma a watan Disamban shekarar aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Rikicin gonaki da burtali, da satar shanu, da kashe-kashen ramuwar gayya tsakanin makiyaya da 'yan sa-kai, duk ba a warware su ba.

A 2025 wasu ƙananan hukumomin jihar, ciki har da Jibiya, sun sake ƙulla sulhu, a wannan karo ta hannun shugabannin al'umma da sarakunan gargajiya. Mazauna wasu yankunan sun ce sun samu damar komawa gonakinsu, yayin da masu suka ke nuni da hotunan tarukan, inda 'yan bindigar suka halarta rataye da makamansu, suka kuma koma daji da su.