Shirin Musamman: Ɗakunanmu da Ƙurar Hunturu

 

Hunturu ya kankama. Tun watan Nuwamba busasshiyar iskar nan ke kaɗowa daga arewa maso gabas, kuma ba ta cika sakin mu ba sai ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris. Uwargida ta share ɗaki da hantsi, ta goge ko'ina, kafin la'asar yaro ya samu wurin rubuta sunansa da yatsa a kan tebur. Wannan ba ƙazanta ba ce, Hajiya, kada ki zargi kanki. Kaso mai yawa na ƙurar daga ƙasar Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne. Ruwan ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska ta ratso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi da ƙarfinta, ta kwashe ta, ta watsa ta kan Damagaram, Maiduguri, Kano da Sakkwato, har bakin teku. Hazon da ke hana jirage sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, shi ne dai wanda ke kwanciya a kan kabad ɗinki.

Tunda ba mai iya tare ƙurar a ƙofa, abin da ya rage mana shi ne mu rage mata wurin zama. Duk abin da ke fili a ɗaki aiki ne yake jiran ki: jeren kwanuka da tangaran, furannin roba, kwalaben turaren da suka daɗe da ƙarewa, takalman da aka tara bayan ƙofa. Na san darajar kayan ɗaki a wurin mace, gata ne iyaye suka yi mata, kuma ba cewa nake a rabu da su ba. A wanke su, a naɗe a tsohon zane, a sa cikin kwali ko adaka har iska ta kwanta. Kafet mai gashi ma a naɗe shi, domin shi ne babbar ma'ajiyar ƙura, kuma a kansa jariri ke rarrafe. Leda ko tabarma sun fi sauƙin sha'ani a watannin nan.

Shara kuma tana da ƙa'ida. Tsintsiya a busasshiyar ƙasa tayar da ƙura kawai take yi, ta zagaya ɗaki ta koma inda ta fito, wata kuma ta shige ƙirjin mai sharar. Iyayenmu mata ba su taɓa ɗaukar tsintsiya ba sai sun yayyafa ruwa, kuma har yau babu dabarar da ta fi wannan. A fara daga sama, a cire yanar gizo-gizo, a bi kan sif da bakin taga da tsumma mai laima, sannan a sauko ƙasa. A daina kakkaɓe kujera a cikin ɗaki. Mai asma ko yaro mai tari, a fitar da shi tsakar gida har a gama.

Bargo da rigunan sanyi da suka yi wata takwas a akwati suna fitowa da warin ajiya. Rana ce maganinsu, kuma hunturu bai hana mu ita ba. A baza su a igiya, a fito da katifa da matashi su ma su sha rana. Wanki a shanya shi a juye, a kwashe da zarar ya bushe.

Ga inda nake son mu tsaya. Wajen fito da kayan sanyi za ki tarar da suwaitar da ta yi wa yaro kaɗan, da bargon da ba a taɓa ba tun bara. Kada a mayar da su akwati. A daren nan akwai almajirin da zai kwana a zaure da riga ɗaya, akwai maƙwabciyar da kunya ta hana ta tambaya. A ba su yanzu da sanyin ke cizo, kada a jira sai bazara. Maigida, kai ma da naka: tsofaffin tayoyi, mataccen rediyo, kwalaye da ƙarafan da aka jibge a lungu da sunan wata rana za su yi amfani. 'Yan gwangwan suna wucewa kullum, a kira su. Tarkace a lokacin da komai ya bushe ƙayau abincin gobara ne, balle a ce akwai jarkar fetur a kusa.

Sai batun iska, wanda ya fi duk sauran nauyi. Saboda ɗari muna toshe taga, mu cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, wasu har su shigo da kaskon gawayi su kwana da shi. Don Allah a bari. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri, ta kai mutum ga barcin da ba ya farkawa, kuma an sha rasa iyali guda ta haka. Hayaƙin janareta ma haka yake, wurinsa waje, nesa da taga. A ji ɗumin wuta a tsakar gida, a kashe ta kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Ɗakin da mutum biyar ko shida suka kwana a rufe yana buƙatar sabuwar iska kowace rana, musamman da yake a watannin rani ne sanƙarau ya fi yaɗuwa, kuma cunkoso na taimaka masa. Idan rana ta ɗaga, a buɗe ƙofa da taga ko na rabin awa ne, a ɗage labule. Turaren wuta abu ne mai daɗi, amma ba ya sauya iskar ɗaki, rufe wari kawai yake yi. A bari iska ta ratsa tukuna, sannan a sa turaren, kuma kada a bar kaskon kusa da labule ko inda hannun yaro zai kai.