Mai tsara manhaja, fara zama a kasuwar Ƙonni

Masu karatu, duk wanda ya yi ciniki tsakanin Birnin Ƙonni da Malbaza ya san cewa ɗan kasuwa ba ya lissafi da tamma, da dala yake yi. In ya ce dala ɗari biyu, jika guda yake nufi, wato sefa 1.000. To, matashin da ya tsara ma shi manhajar lissafi daga wani biro a Yamai, bai taɓa zama rumfa ba, sai ya bar na'ura ta karɓi 200 a matsayin sefa 200. Kwamfuta ba ta tambaya, ta rubuta ke nan, kuma kashi huɗu cikin biyar na kuɗin sun ɓace daga littafi.

Haka batun suna. Akwai Illela ta jahar Tawa, akwai kuma Illela ta jahar Sakkwato, wadda ke fuskantar Ƙonni a tsallaken iyaka, inda naira ke aiki. Manhajar da ta bar magatakarda ya buga sunan gari kawai, ba ƙasa, ba irin kuɗi, wata rana za ta haɗa bashin mutum biyu wuri ɗaya. Shi ya sa gwanayen wannan sana'a suke fara tambaya kafin rubutu, su zauna yini guda suna kallon yadda mai shago ke aiki. Wasu samari na ganin ɓata lokaci ne. A ganinmu, rabin aikin ke nan.

Sai maganar wuta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, wanda ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, kuma bai dawo ba sai Maris 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018, ba ta isa ta cike giɓin ba. A waɗannan watanni aka gane manhajar da ke adana aiki cikin na'ura har rezo ya dawo, da wadda ke tsayawa cak.

Gaggawar gyara ma tana da nata haɗari, har ga manya. Ran 19 ga Yuli 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya aika sabon gyara mai kuskure, kwamfutoci wajen miliyan 8,5 masu Windows suka tsaya, jirage suka kasa tashi. Mai hankali yakan gwada gyara bisa na'ura ɗaya tukuna, ya aje tsohon zubi don komawa.

Saboda haka, Alhaji, kafin ka biya, sa shi ya cire wuta gabanka ana tsakar rubuta rasit, ya maido, ku ga abin da ya rage. Ka kuma tambaye shi ina kwafin lissafinka na jiya yake, kuma wa zai iya karanta aikin in shi ya yi tafiya.