Idan Iska Ta Kwanta, Wa Zai Riƙe Wuta?

Wutar lantarki ba ta da rumbu kamar gero. Abin da injuna suka bayar a wannan daƙiƙa, a cikinta jama'a ke shanye shi. In aka sami giɓi, bugun wutar da ya kamata ya tsaya kan 50 a kowace daƙiƙa sai ya fara sauka. Ya sauka da yawa, gari ya yi duhu.

To, ga injin iska ya shigo, shi kuwa ba ya jin umurni. Masu duba yanayi su ce gobe iska za ta kaɗa, gari ya waye ta kwanta. Don haka injiniyoyi ke auna ƙarfin tashoshinsu na cike giɓi. Suna duba yawan kuskuren da hasashen iska kan yi, su gwada shi da megawat ɗin da ke ajiye. Amma yawan ajiya kaɗai ruɗi ne, sai an san cikin minti nawa za ta iso, da awa nawa za ta jure. Tashar kwal da ta huce sai ta ci sa'o'i kafin ta tashi. Ta ruwa, irin Kainji da Shiroro, mintoci ne kawai. Batir kuwa kafin ƙiftawar ido, sai dai ba ya daɗewa.

Mutanen Kudancin Ostireliya sun ɗanɗana. Ran 28 ga Satumba 2016 guguwa ta kayar da turakun wuta, na'urorin tsaro suka janye gonakin iska da dama cikin 'yan daƙiƙoƙi, layin da ke kawo gudummawa daga jihar Victoria ya kasa ɗaukar nauyin, jihar duka ta shiga duhu. A 2017 suka kafa batir mai megawat 100 a Hornsdale. Denmark, wadda iska ke ba ta kimanin rabin wutarta, dabara ta yi: ta ja wayoyi ta ƙarƙashin teku zuwa madatsun ruwan Norway.

Mu nan gonar iska ta Lambar Rimi a Katsina megawat 10 aka tsara mata, ba ta isa ta girgiza kowa ba. Amma a ganina, layin da ke faɗuwa ba tare da iska ta taɓa shi ba, ya kamata Oshogbo ta fara wannan awo tun kafin a ƙaro injuna.