Gurbi Takwas, Gwaninta 28: Yadda Ake Zaɓa wa Jarumin Elfawa Ƙwarewa a Heroes III

A wasan kwamfuta na Heroes of Might and Magic III, kowane jarumi yana da gurbi takwas kacal na gwaninta, alhali waɗanda wasan ya tanada 28 ne. Abin da ya shiga gurbi kuma ya shiga ke nan, ba a goge shi, ba a musanya shi har a tashi wasa. Shi ya sa sabon shiga kan kai tsakiyar wasa da jarumi mai babban mataki da runduna cike da fili, amma abokin hamayya mai ƙarancin mayaƙa ya share shi a karo ɗaya. Idan aka bincika, sai a tarar ba a fagen fama aka ci shi ba. Tun makonnin farko ya ci kansa, lokacin da yake karɓar duk abin da aka miƙo masa.

Kamfanin New World Computing na Amurka ne ya ƙera wasan, 3DO ta fitar da shi a 1999, daga baya Ubisoft ta sayi sunan a 2003. Bi da bi ake yin sa kamar dara: ka motsa jarumanka a taswira, ka gina birninka, ka ce ka gama, sannan na gaba ya yi nasa. Cikin biranen da ake zaɓa akwai Rampart, garin Elfawa. Su Elfawa halittu ne na tatsuniyoyin arewacin Turai, waɗanda marubucin Ingila J. R. R. Tolkien ya fito da su a matsayin mazauna daji, gwanayen baka da kibiya, masu ƙera wasanni kuma suka gaji wannan siffa. Alƙaluman da za su biyo baya na ainihin wasan ne da ƙarinsa na Shadow of Death na 2000. Ƙarin da masoya wasan suka haɗa, Horn of the Abyss, ya taɓa wasu daga cikinsu.

Fara da duba runduna

Ba a zaɓa wa jarumi gwaninta don daɗin sunanta. Rundunar da yake ja ita ce ke faɗin abin da yake bukata, don haka a san ta tukuna.

Rampart na da mayaƙa iri bakwai. Akwai masu rabin jikin mutum rabin doki, akwai wadanni, sai Elfawa maharba, sai dawakai masu fiffike, sai bishiyoyi masu tafiya, sai dawakai masu ƙaho ɗaya, sannan dodanni masu tashi a can ƙoli. Cikin bakwai ɗin nan, iri ɗaya tak ke harbi daga nesa, su ne Elfawa. Idan aka ɗaukaka su zuwa Grand Elf, kowanne yana sakin kibiya sau biyu a zagaye ɗaya, kowace kibiya tana yin ɓarnar 3 zuwa 5. Sai dai ransu 15 ne kawai. Da zarar maƙiyi ya matso ya tsaya kusa da su, harbi ya ƙare, sai dambe da hannu, a nan kuma rabin ƙarfinsu ke aiki.

Abokan tafiyarsu kuwa suna da nauyin jiki. Saurin wada 3 ne, na bishiya ma 3, ko an ɗaukaka su ba su wuce 5 da 4 ba. Wannan ba a fagen fama kaɗai yake ciwo ba. Nisan da jarumi zai ci a taswira a rana ɗaya ya dogara ne da mafi nawa cikin rundunarsa: mai jan wada yana tashi da makin tafiya 1,500, wanda duk mayaƙansa ke da saurin 11 ko fiye yana tashi da 2,000.

Daga nan hoton ya fito. Runduna ce mai kisa daga nesa, mai rauni a kusa, mai jinkiri a hanya. Abin da take nema wurin jaruminta shi ne lokaci: ƙarin zagaye kafin maƙiyi ya iso, da ƙarin tafiya kafin rana ta faɗi. Da wannan ma'auni ake auna kowace gwaninta.

Yadda zaɓin yake zuwa

Duk lokacin da jarumi ya hau sabon mataki, wasan yana miƙo masa abu biyu: ko ya ƙara wa wata gwanintar da yake da ita daraja, ko ya ɗauki sabuwa. Kowace gwaninta daraja uku gare ta, ta farko, ta tsakiya da ta ƙwararre. Takwas sau uku 24 ke nan, jarumi kuma da biyu yake farawa, don haka sai ya kai mataki na 23 kafin ya cike komai da hawan mataki kaɗai. Wasanni da yawa suna ƙarewa kafin nan. Ke nan abin da aka fara ɗauka ya fi abin da ake burin ɗauka muhimmanci.

Jaruman Rampart aji biyu ne. Ranger mayaƙi ne, yana farawa da hari 1, kariya 3, ƙarfin sihiri 1, sani 1. Druid mai sihiri ne, yana farawa da hari 0, kariya 2, ƙarfin sihiri 1, sani 2. Kowane aji da abin da aka fi miƙo masa. Mayaƙin yana yawan ganin harbi, sulke da jure sihiri. Sihirin iska da ƙyar yake zuwa masa, na wuta kuwa ba ya zuwa a hawan mataki sam. Wanda ya ajiye gurbi yana jiran abin da ajinsa ba ya samu, jiran gawon shanu yake yi.

Waɗanda ba a wucewa

Na farko shi ne sihirin ƙasa, wanda allon wasan ke kira Earth Magic. Mai mamakin yadda sihiri ya riga harbi a garin maharba, ya yi wannan lissafi. Faɗin fagen fama gida 15 ne, maƙiyin da ya taso daga ɗaya gefen yana bukatar ya ci kusan gida 13 kafin ya taɓa Elfawa. Idan saurinsa 6 ne, a zagaye na uku zai iso. Akwai wani ƙaramin sihiri na matakin farko mai suna Slow, wanda a hannun ƙwararren sihirin ƙasa yake raba saurin dukkan maƙiya biyu a jifa ɗaya, da makin sihiri 5 kacal. Mai saurin 6 ya koma 3, sai zagaye na biyar zai iso. Zagaye biyu aka saya, wato ruwan kibau sau huɗu a kyauta, ba tare da an rasa Elf ko ɗaya ba. Mayaƙi ba ya zuwa da littafin sihiri, sai an saya masa a kan zinariya 500, kuma babu kuɗin da ya fi wannan riba a makon farko.

Sihirin ƙasa bai tsaya nan ba. A cikinsa ake samun Town Portal, mai mai da jarumi birni nan take, wanda daga daraja ta tsakiya yake ba ka zaɓin birnin da kake so. A cikinsa kuma akwai Resurrection, mai tayar da mayaƙan da suka faɗi, su kuma dawwama bayan yaƙi idan gwanintar ta kai ta tsakiya. Dukansu biyu na mataki na huɗu ne, ba a koyon su sai da gwanintar hikima, Wisdom, a daraja ta tsakiya. Saboda haka hikima, wadda ita ce ta biyu, ta zama wajibi ko ga mayaƙi. A kula da abu ɗaya: dodon zinariya, wato dodon Rampart da aka ɗaukaka, ba ya jin sihiri daga mataki na 1 zuwa na 4, na maƙiyi da na mai shi duka, don haka idan ya faɗi, wannan sihirin ba ya tayar da shi. Koren dodo, wanda kariyarsa ta tsaya a mataki na 3, shi ana iya tayar da shi.

Na uku shi ne saurin tafiya a ƙasa, Logistics, mai ƙara kashi 10, 20 ko 30 cikin ɗari. Wanda ya riga isa ma'adana, ya riga kwashe dukiya, ya riga hawa mataki. Ga rundunar da ke jan wadanni da bishiyoyi, wannan magani ne kai tsaye, ko da yake gogaggun 'yan wasa sukan haɗa da barin wadanni a gida su tsare ganuwa.

Harbi da sara

Gwanintar harbi, Archery, tana ƙara ɓarnar kibiya da kashi 10, 25 ko 50 cikin ɗari. A ce kana da Grand Elf 30, harinsu ya yi daidai da kariyar maƙiyi. Matsakaiciyar ɓarna 4 ce, wato 120 a harbi ɗaya, 240 a zagaye. Da ƙwararren maharbi ya zama 360. Amma idan nisa ya wuce gida 10, ana raba ɓarnar biyu, shi ya sa wani lokaci ya fi kyau a jinkirta harbi har maƙiyi ya ɗan shigo.

A watan farko babu kamarta, domin Elfawa ne ke ɗauke da nauyin kusan kowane yaƙi. Idan wasa ya yi nisa, dawakai masu ƙaho da dodanni suka yi yawa, sai darajarta ta fara raguwa, tunda iri ɗaya cikin bakwai take amfana. A nan gwanintar sara, Offense, mai ƙara kashi 10, 20 ko 30 ga faɗan kusa, take ɗaga kai, don ita shida take yi wa aiki. Sulke, Armorer, yana rage ɓarnar da ake yi maka da kashi 5, 10 ko 15, kuma yana rufe kowa. A ƙaramar taswira inda za a haɗu da wuri, harbi ne gaba. A babba, a tabbatar sara da sulke sun samu gurbi.

Sai jera runduna kafin faɗa, Tactics, wadda sababbi ke rainawa. Tana ba ka layi 3, 5 ko 7 ka shirya mayaƙanka yadda kake so kafin a fara. Da ita ake cusa Elfawa a kusurwa, a kewaye su da bishiyoyi da dawakai, ta yadda mai fiffike ma ba zai sami inda zai sauka kusa da su ba. Bishiyoyin kuma suna ɗaure duk wanda suka kama, ba ya motsi, sai ya zama abin bara ga maharba.

Masu ɗaukar ido

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Gwanintar sa'a, Luck, tana da daɗin ji, amma kowane maki ɗaya dama ce ta ɗaya cikin 24 ta sa'ar ta yi aiki, ƙwararre ma ɗaya cikin takwas yake samu. Kayan tarihi da wuraren ziyara a taswira suna ba da sa'a ba tare da cin gurbi ba. Eagle Eye tana koya maka sihirin da maƙiyi ya jefa, wato sai an jefe ka tukuna. Learning tana ƙara ƙwarewar da ake tarawa da kashi 5 zuwa 15, abin da da ƙyar yake zama mataki ɗaya. Jure sihiri, Resistance, yana kaiwa kashi 20, yana da amfani ranar haɗuwa da babban mai sihiri, amma mafi yawan yaƙe-yaƙen wasan da masu gadin taswira ake yi, waɗanda ba su da jarumin da zai jefa komai.

Akwai kuma tarko a taswira. Bukkar mayya tana koya wa duk jarumin da ya shiga gwaninta ɗaya, kuma a ainihin wasan ba ta tambayar ko yana so. Ka tura ƙaramin jarumi ya shiga tukuna, ka ga abin da ke ciki, kafin babban ya taka ƙofar. Su ƙananan jaruman su ne gidan irin su Estates, mai kawo zinariya 125, 250 ko 500 a kullum, da Scouting mai faɗaɗa gani.

Wa za a ɗauka tun farko

Zaɓin gwaninta yana farawa tun daga zaɓin jarumi, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin mayaƙan Rampart, Kyrre tana zuwa da harbi da saurin tafiya, kuma saurin tafiyar ne baiwarta: amfaninsa yana ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a kowane mataki, ta yadda a mataki na 20 kashi 30 ɗin nan ya zama 60. Mephala haka take da sulke, 15 ɗinta ya zama 30 a wannan matakin. Ivor yana zuwa da harbi da sara, yana kuma ƙara wa Elfawa ƙarfi da sauri, shi ya sa yake da daɗin farawa. Jenova tana kawo zinariya 350 kullum, wuri mai kyau gare ta shi ne mataimakiya. Cikin masu sihiri, Elleshar ya fi fice saboda yawan makin sihirinsa, yayin da Malcom ya zo da Eagle Eye ta riga ta cinye masa gurbi.

Jerin da ba ya ba mayaƙin Rampart kunya a taswirar ƙasa shi ne sihirin ƙasa, hikima, saurin tafiya, harbi, sulke, sara da jera runduna. Gurbi na takwas a bar wa taswira ta yi magana, tunda in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take. Inda teku ya yi yawa, tuƙin jirgi ne. Inda fadama da yashi suka cika hanya, sanin hanya ne. Idan aka yi dace sihirin iska ya leƙo, a cafke shi, don yana sa dukkan runduna sauri a jifa ɗaya. Ranar da sabuwar gwanintar da aka miƙo ba ta ƙara wa Elfawa harbi, ba ta tsare su, ba ta kuma rage wa jarumi hanya, a ɗaukaka wadda ke hannu, a jira mataki na gaba.