KASHI NA 14: Mene ne Ajayil, kuma me ya sa masu haɗa manhaja suke yawan ambatonsa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau zan yi magana ne a kan wata kalma da duk mai koyon haɗa manhaja zai ci karo da ita, musamman ranar da ya fara neman aiki. Kalmar ita ce Ajayil. Asalin ma'anarta a Turanci ita ce zafin nama, wato iya juyawa da sauri ba tare da an faɗi ba. A duniyar manhaja kuwa, suna ne na wani salon gudanar da aiki. To wane irin salo ne, kuma wace matsala ya zo magancewa?

Bari mu fara da matsalar. A da, yawancin manyan ayyukan manhaja ana yin su ne hawa-hawa. Za a zauna da mai aiki a rubuta duk abin da yake so, wani lokaci shafuka ɗaruruwa. Daga nan a zana tsari, sai a rubuta kod, sai a gwada, sai a miƙa. Ba a shiga mataki na gaba sai an rufe na baya. Ana kiran wannan tsarin gangaren ruwa, domin ruwan da ya gangaro ba ya komawa sama. Ana yawan danganta shi da wata takarda da Winston Royce ya rubuta a 1970, kodayake shi kansa a cikin takardar ya yi gargaɗin cewa bin sa haka kai tsaye yana da haɗari.

Haɗarin a fili yake. Ka ɗauka ka kai wa tela yadi wata uku kafin sallah, ya auna ka sau ɗaya, ba ku sake ganin juna ba sai daren sallah. Ka sa riga ka ji hannu ya matse, wuya ya yi faɗi. Yadi ya riga ya yanku, lokaci ya ƙure. Haka manhaja take, har ma ta fi muni, domin mai riga aƙalla ya san rigar da yake so. Mai neman manhaja sau da yawa bai san ainihin abin da yake buƙata ba sai ya taɓa ta da hannunsa.

Ga misali na gaske. Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta so ta raba jami'anta da fayilolin takarda, sai ta ba da kwangilar wata manhaja mai suna Virtual Case File. An yi shekaru ana aiki, an kashe kimanin dala miliyan 170. A 2005 aka watsar da ita, ba a taɓa amfani da ita yadda aka tsara ba. A 2006 suka sake sabon lale da wani aikin mai suna Sentinel, aka ba kamfanin Lockheed Martin. Zuwa 2010 an cinye mafi yawan kuɗin, amma kashi biyu ne kawai cikin huɗu aka miƙa. A nan ne hukumar ta karɓe ragamar aikin, ta rage ma'aikatan zuwa ƙaramar tawaga, ta koma aiki mako biyu-biyu, kowane ƙarshen mako biyu a nuna abin da aka gina. Su ma sun ɗan makara, domin wani babban gwaji da aka yi a ƙarshen 2011 ya nuna na'urorin da ake da su ba za su ɗauki nauyin jama'a ba. Amma a watan Yulin 2012 Sentinel ta fara aiki a duk hukumar.

Wannan salon da suka koma shi ne Ajayil. Sunan ya samo asali ne a watan Fabrairun 2001, lokacin da mutum 17 masu harkar manhaja suka haɗu a wani wurin shaƙatawa mai suna Snowbird a jihar Yuta ta Amurka. Cikinsu akwai Kent Beck, da Martin Fowler, da Ken Schwaber, da Jeff Sutherland. Sun fito da 'yar gajeriyar sanarwa mai ginshiƙai 4 da ƙa'idoji 12. Ginshiƙan, a taƙaice da bakina: mutane da yadda suke magana da juna sun fi kayan aiki da dokoki muhimmanci. Manhajar da take aiki ta fi tulin takardu. Tafiya tare da mai aiki ta fi ja-in-ja a kan abin da kwangila ta ce. Sannan karɓar canji ya fi nacewa a kan tsohon shiri. Ku lura fa, ba su ce a ƙona takardu ko a daina kwangila ba, su da kansu sun ce waɗannan ma suna da amfani. Fifiko suka nuna.

To a aikace yaya ake yi? Hanyar da ta fi shahara ita ce Sikram. Sunan daga wasan zari-ruga aka aro shi, inda 'yan wasa suke haɗa kafaɗa su tura tare. Wasu malaman Japan biyu, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, su suka kawo wannan kwatancen a wata maƙala a 1986, sai Schwaber da Sutherland suka gabatar da shi a matsayin tsarin aikin manhaja a 1995.

Ga yadda yake tafiya. Tawaga ƙarama ce, yawanci mutum 10 ko ƙasa da haka. Akwai jerin duk abubuwan da ake so manhajar ta yi, an jera su daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa. Mutum ɗaya ne yake da ikon wannan jeri, mu kira shi mai kaya, shi ne muryar masu amfani da manhajar. Akwai wani kuma da aikinsa shi ne share wa tawaga hanya da tabbatar da ana bin tsarin. Sai masu ginin kansu.

Ana raba aiki zango-zango. Kowane zango ba ya wuce wata ɗaya, da yawa mako biyu suke yi. A farkon zango tawaga ta zauna ta ɗebi abin da za ta iya gamawa daga saman jerin. Kullum a yi ɗan taro na minti 15, a ga ina aka kwana, me ya tsaya, me za a yi yau. Wasu a tsaye suke yin sa don kada a miƙe ƙafa a ɓige da hira. A ƙarshen zango a kira masu aikin a nuna musu abin da aka gina yana aiki a gabansu, su faɗi ra'ayinsu. Daga nan tawaga ta yi zaman waiwaye ita kaɗai: me ya yi kyau, me ya ba mu wahala, me za mu gyara a zango na gaba.

Akwai kuma Kanban, wanda asalinsa daga masana'antar motoci ta Toyota ne. Allo ne mai layi uku ko fiye: wanda za a yi, wanda ake yi, wanda aka gama. Sirrinsa shi ne a ƙayyade yawan abin da ake yi a lokaci guda. Idan kun ce uku, to ba mai ɗauko na huɗu sai an sauke ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe daga shirin yau. Duk waɗannan tarurruka da alluna manufarsu ɗaya ce: a rage tazarar da ke tsakanin ranar da ka gina abu da ranar da mai amfani da shi ya gani. Kuskuren da aka gano bayan mako biyu, aikin mako biyu ya ci. Wanda aka gano bayan shekara biyu, kun ji abin da ya ci wa FBI.

Shi ya sa za ka ga kamfani yana taron tsaye kullum safiya, bango cike da 'yan takardu masu launi, amma wata shida ba wanda ya nuna wa mai aiki komai. Taron ma ya koma wurin da oga yake tuhumar kowa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan sunan kawai suka ɗauka. In kana so ka gane, tambaya ɗaya ta isa: yaushe rabon da wani mai amfani na gaske ya taɓa abin da kuke ginawa, kuma me kuka canza saboda abin da ya ce?

Kuma kada wani ya ce maka Ajayil maganin kowace cuta ne. Yana buƙatar mai aiki da zai ba da lokacinsa duk bayan mako biyu. Yana buƙatar shugaban da zai bar tawaga ta yanke wasu shawarwari da kanta. Yana buƙatar gwaje-gwajen da kwamfuta take yi wa kod da kanta, in ba haka ba duk canjin da kuka yi zai fasa wani abu a baya. Sannan inda ran mutane yake ciki, kamar manhajar jirgin sama ko na'urar asibiti, dole a ƙara tsauraran matakai da rubuce-rubuce.

Kai da kake aiki kai kaɗai ko ku biyu da abokinka, wannan ya shafe ka kai tsaye. A ce mai kantin magani ya ba ku aikin manhajar lissafin kaya. Kada ku karɓi kafin alƙalami ku ɓace wata uku. Ku zauna da shi ku jera buƙatunsa, ku tambaye shi wanne ne ya fi ci masa tuwo a ƙwarya. In ya ce sanin maganin da ya kusa lalacewa ne, ku gina wannan kaɗai, ku kai masa bayan mako biyu, yaron shagonsa ya gwada a gabanku. A nan za ku ga ko wayarsa tana ɗauka, ko sai da intanet take buɗewa alhali sabis ba shi da ƙarfi a unguwar. Ku raba kuɗin ma zango-zango. Shi hankalinsa ya kwanta don yana ganin abin da yake biya, ku kuma ba za ku yi aikin wata uku a ƙarshe a ce ba haka ake so ba, a riƙe muku cikon kuɗi.

A nan zan dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba yadda ake rubuta buƙatar mai aiki a jimla ɗaya da kowa zai gane, da yadda tawaga take kintata girman aiki kafin ta ɗauka. Wanda ya taɓa aiki a irin wannan tsari, ya faɗa mana yadda ta kaya a wajensu, 'yan baya su ƙaru.