Ko Kun Sani? Bushiyar Teku a Kalambaina

Ko kun san cewa ƙasar Kalambaina, inda ake fasa dutse ana yin siminti a Sakkwato, ta taɓa zama ƙasan teku? Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratsa Sahara har ya mamaye yankin Sakkwato. Dutsen farar ƙasar da masana'antar siminti take haƙa tun 1967 ya samu ne daga ɓawon halittun da suka rayu a cikin ruwan.

Daga cikinsu akwai wata bushiyar teku mai siffar zuciya, wadda masana suke kira Linthia sudanensis. Ita da danginta gwanayen gina rami ne. Da gajerun ƙayoyinta masu laushi take tona laka ta binne kanta, sannan ta riƙa haɗiyar lakar tana tace abinci daga ciki. Ta kan bar 'yar kafa zuwa sama domin ruwa mai iska ya iso gare ta.

Idan kuka tsinci ɗan dunƙulen dutse mai zanen fure mai kunnuwa biyar a bayansa, ku adana shi, ku nuna wa yara. Mai yiwuwa ɓawon wannan bushiya ne da ya zama dutse, shaida ce ta tekun da ya taɓa rufe Sakkwato.