Ƙara Wa Kwamfuta Gudu A Ƙasa Mai Zafi

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, aka kuma mayar da jarrabawar JAMB kan kwamfuta baki ɗaya a 2015, wannan na'ura ta yawaita a makarantu da shagunan buga takardu tun daga Dutsin-Ma har Kurfi. Da yawa daga cikinsu sun kwana biyu, nawa ta kama su. Don haka ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya yi zumuɗi idan ya ji cewa ana iya ƙara wa kwamfutar tebur gudu ba tare da an sayi sabuwa ba. Maganar gaskiya ce, sai dai akwai wani lissafi a cikinta da ya shafi mutumin Katsina fiye da mutumin Turai.

A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan guntun silikon da ake kira furosesa, wato ƙwaƙwalwarta. Wani agogo ne ke ba shi ƙa'idar aiki, kamar yadda makaɗi ke ba manoma ƙa'idar sara a wurin gayya. Idan aka ce gudunsa gigahaz 3 ne, ana nufin agogon yana bugawa sau biliyan 3 a daƙiƙa guda. Masu ƙera shi sukan tsayar da gudun ƙasa da iyakar ƙarfinsa, kuma wannan rarar ce masu ƙarin gudu ke farauta. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da Celeron 300A mai gudun megahaz 300, masu ƙarambani suka riƙa kai shi 450 ta hanyar sauya lamba ɗaya tak. A yau furosesan Intel masu harafin K da mafi yawan Ryzen na kamfanin AMD a buɗe suke zuwa. Kwamfutocin ofis irin na HP da Dell kuwa, waɗanda suka fi yawa a makarantu, galibi a kulle suke, kuma hakan alheri ne ga makarantun.

Farashin gudu shi ne zafi. Zafin da furosesa ke fitarwa yana hauhawa daidai da gudunsa, amma idan aka taɓa ƙarfin lantarkin da ake ba shi, ƙarin yakan shiga lissafin sau biyu. Alal misali, a ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, a ƙara ƙarfin lantarki da kashi 10: zafi zai ƙaru da kusan kashi 33, wato sulusi guda, alhali ribar ba ta wuce kashi 10 ba.

Ɗalibin ilmin halittu ya san irin wannan ciniki. Sinadaran enzayim da ke jikin mutum suna ƙara saurin aiki idan ɗumi ya ƙaru, amma da zarar an zarce digiri 40 sosai sai siffarsu ta fara lalacewa, kamar farin ƙwai a kasko, wanda ba ya komawa ɗanye. Jiki yana kare kansa da gumi, randa ma da tsattsafo take sanyaya ruwa. Kwamfuta ba ta gumi. Abin da take da shi kawai ƙarfe ne mai haƙarƙari da aka ɗora a kan furosesa, da fankar da ke hura masa iskar ɗaki. Zafi kuma yana gudana ne gwargwadon ratar da ke tsakanin abu mai zafi da mai sanyi. Idan iskar ɗakin kanta ta yi zafi, aikin fanka ya ragu.

A nan ne gizo ke saƙar. Lambobin da ake yaɗawa a intanet galibi an gwada su ne a ɗaki mai kimanin digiri 22. A ce furosesa ya tsaya a digiri 80 a wannan ɗaki. A kawo shi ɗaki mai rufin kwano a Kurfi da azahar ɗin watan Afrilu, iska na digiri 40, zai doshi 98, ga shi kuwa iyakar mafi yawansu tana tsakanin 95 da 100. Da ya isa nan sai ya rage gudu da kansa don tsira, ribar ta tafi a banza. Hunturu ma yana da tasa yaudarar. Wanda ya yi saitinsa a sanyin Janairu zai ga komai lafiya lau, bai san ƙurar hazo tana toshe haƙarƙarin ƙarfen sannu a hankali ba, sai bazara ta zo ta tarar da na'urar cikin bargon ƙura. Saboda haka gwajin da za a dogara da shi a wannan yanki shi ne wanda aka yi a Afrilu ko Mayu, da rana tsaka.

Wanda ya ƙudurta gwadawa, to ya fara da share ƙura da sabunta man da ke tsakanin furosesa da ƙarfensa. Sannan ya shiga shafin BIOS ya ƙara megahaz 100 kacal, ya sa manhajar Prime95 ta wahalar da na'urar na sa'o'i, yana duban zafi da HWiNFO. Idan ta daskare, ko zafi ya haura 85, ya koma baya taki ɗaya ya tsaya nan. Katin hoto ma haka ake bi da shi ta manhajar MSI Afterburner, megahaz 15 ko 25 a kowane taki. Ɗige-ɗige da walƙiya a fuskar allo su ne alamar an wuce gona da iri. Idan kwamfutar ta ƙi tashi sam, a cire ta daga wuta, a zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo na 'yan mintoci, za ta koma saitinta na asali.

Ƙarfin lantarki ne bai kamata sabon shiga ya taɓa ba, domin ɓarnarsa ba ta nuna kanta nan take. Siraran hanyoyin da ke cikin silikon yake ci a hankali, kamar zaizayar ƙasa. A 2024 Intel da kansa ya amsa cewa wasu furosesansa na zubi na 13 da na 14 suna lalacewa saboda lantarkin da suke ja ya yi yawa. Ya fitar da gyara, ya ƙara wa'adin garanti da shekara biyu, amma waɗanda suka riga suka illata sai dai musanya. Idan injiniyoyin da suka ƙera abu sun yi tuntuɓe a nan, ina ga ɗan aji biyar? Ga kuma wutar da ke hawa da sauka, ko ta layi ko ta janareta, wadda ke sa sitabilaiza ko UPS su zama wajibi tun kafin a yi zancen gudu. Ƙarin gudu yana kuma soke garantin kamfani, don haka kwamfutar makaranta ba wurin gwaji ba ce. Kada garin neman gira a rasa ido.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga abin da idonsu ba ya bukatar sauya komai. Ya sa su rubuta zafin ɗaki da na furosesa yayin da Prime95 ke aiki, sau ɗaya a mako, daga Janairu zuwa Mayu, su zana layukan biyu a takardar giraf, sannan a share ƙurar fanka a sake aunawa.